Bargon da na ɗinka cikin takaba

Malam ya rasu bargon yana rabi. Na gama haɗa fuskarsa, na shimfiɗa shi a tsakar ɗaki na kama shi da dogon zare, saura in hau keken ɗinki in bi shi layi-layi, sai ga abokan aikinsa sun yi sallama. Wai ya yanke jiki ya faɗi a bakin inji. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Gidanmu a Sharaɗa yake, bayan katangar kamfanoni, inda ruwan kwata kan fito yau shuɗi gobe ja. Malam ya fara aiki a masaƙa, da ta rufe ya koma kamfanin katifa. Duk inda ya yi aiki, abin da aka share aka zubar shi yake ɗauro mini a bayan kekensa: ƙyallayen yadi, bakin atamfa, siririn soso da aka yanke aka rage. Da su nake bargo. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Ɓatawa na yi ta yi ina farkewa har hannuna ya gane.

Bargo hawa uku ne. Fuska ta ƙyallaye a sama, soso ko tsohon mayafi a tsakiya, zane guda a ƙasa. Sai ka wanke ƙyallayen tun kafin almakashi ya taɓa su, don wani yana zuba, wani yana tsukewa. In ka zo ɗinki daga tsakiya za ka faro kana yin waje. Wanda ya faro daga gefe zai tarar da tsakiyar ta kumbura kamar cikin ɗan akuyar da ya sha dusa. Ka naɗe gefe ɗaya tamau ya shige ƙarƙashin wuyan keke, ka buɗe ɗinkin ya yi tsawo, ka sa allura mai kauri. Hannu biyu suna kan bargo suna lallaɓa shi, ƙafa tana tuƙi. 'Yan matan yanzu masu keken lantarki sai su danna ya zura da gudu, ƙasan ya tattare ba su sani ba. Ni nawa na ƙafa ne, baƙi, a kawo wuta ko a ɗauke duk ɗaya.

Da aka yi addu'ar bakwai mutane suka watse, yayar Malam ta ce za ta zauna da ni. Daga Ɗorayi ta zo da jakarta. Ta girme shi nesa, ita ta goye shi, don haka ban taɓa kiran ta da wani abu ba sai Yaya, ban kuma taɓa ce mata ke ba. Ita ta tsefe mini kai, ta kwashe kwalli da turare da ɗan kunne ta kulle a akwati. Duk na yarda. Wannan hakkin Malam ne, kuma na addini.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne jiniya. Bayan azahar kamfanin yakan busa ta, masu aikin safe su fito, na yamma su shiga. Shekara da shekaru in ta busa nakan miƙe in juye wa Malam ruwan wanka a bokiti. Yanzu ga ni zaune a kan tabarma, hannu a cinya, sai ta busa in ga na miƙe. In tsaya ina sauraren ƙarar kekunan mutane suna wucewa ta lungu, ina jiran wanda zai tsaya a ƙofarmu. Rannan har na ɗauki bokitin.

Washegari, ana kusa da busawa, na yaye zanen da aka rufe keken ɗinki da shi, na ɗiga masa mai, na hau. Ƙararsa ta cika ɗakin. Ban ji jiniya ba, ban ji kekuna ba. Da na ɗaga kai har la'asar ta kawo jiki, ga Yaya tsaye a bakin ƙofa da carbi.

"Ke yanzu me nake gani haka?"

"Ɗinki ne, Yaya."

"Na san ɗinki ne, ba makauniya ba ce ni. Ƙasar kabarin ɗan'uwana ba ta bushe ba, kin buɗe shago?"

"Ba na sayarwa ba ne. Kuma ban ji an ce mai takaba ba ta ɗinki ba. In haramun ne ku gaya mini in sauka."

"Wa ya ce miki haramun? Kunya fa? Masu zuwa gaisuwa su jiyo kakat-kakat tun daga bakin titi, su ce me? Su ce dama jira take."

Na so in gaya mata zancen jiniyar. Na dube ta, idonta ya yi ja, ita ma kukan take a ɓoye, sai na ga in na faɗa za ta ce aljanu ne ta aika a karɓo rubutu. Na juya na gama layin da nake kai.

Da safe na zo hawa, na taka, ƙafa ta tafi fayau babu nauyi. Na leƙa. Igiyar fatar nan da ke haɗa babbar ƙafar ƙasa da kan keke babu ita. Yaya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, kun ga igiyar keke?"

"Na gani. Tana hutawa. Ranar da kika fita takaba kya same ta."

Wata huɗu da kwana goma ke nan. Mai takaba ba ta zuwa kasuwa, kuma duk wanda zan aika sai ya bi ta gabanta. Ta lissafa abinta tsaf.

Ran nan da hannu na juya keken. Hannun dama yana juyi, na hagu shi kaɗai yana fama da bargo mai hawa uku. Layin ya karkace, ƙasan ya tattare, ga keken kuma ba ya ƙara, jiniya ta busa na ji ta har cikin haƙorina. Na zauna na farke duk abin da na ɗinka.

Sai na juye buhun ƙyallaye. A ciki akwai dogayen bakin yadin katifa, masu tauri, ba sa miƙewa. Na tsaga uku na kitse su kamar kan yarinya, na ɗaure. Ƙullin yana zuwa kan kwarin da igiyar ke bi sai ta yi tsalle ta fice. Na kwance, na haɗa bakin biyu na ɗinke su da allurar hannu suka kwanta lumui. Ta zauna, amma tana santsi. Na jiƙa ƙaro na shafe ta, na bari ta sha iska. Na taka. Keken ya ɗauka, har da wani ɗan gurnani da ba ya yi da.

Ban rufe ƙofa ba. Labulen ma ɗage shi na yi.

Yaya ta shigo, ta sunkuya ta dubi igiyar, ta daɗe tana dubawa.

"Lallai. Ashe taurin kan naki har ya kai nan."

"Ya kai, Yaya. In kun cire wannan, buhun bai ƙare ba."

"To zaɓi. Ko ki rufe keken nan, ko ni in koma gidana. Ba zan zauna ana yi wa ɗan'uwana kiɗa ba."

Na san abin da tafiyarta take nufi. Dangin Malam duk bakinta suke bi. In ta fita da fushi, babu mai sake leƙo ni, ni kaɗai zan ƙarasa kwanakin. Na cire ƙafata daga kan keke don kada ta ce ina magana ina tuƙi.

"Ban kore ku ba, Yaya. Zamanku ya fi mini tafiyarku. Amma ba zan rufe ba."

Ta haɗa jakarta. Na raka ta iyakar zaure, inda aka yarda in tsaya, na ce ta gaida gida. Ta saɓa jakarta ta fice.

Kullum daga azahar zuwa la'asar ina kan keke. Na gama wancan bargon na naɗe bakinsa da shuɗin yadi, na fara wani. Maƙwabta sun yi maganarsu, wasu a bayan katanga, wata har cikin ɗakina. Na ba ta kujera, na miƙa mata gefen bargon na ce ta riƙe mini kada ya ja ƙasa. Ta riƙe.

Ranar fita takaba Yaya ba ta zo ba, danginsu ma ba wanda ya zo. Ta aiko da sabulu da turare da turmin atamfa, kamar yadda aka saba. Igiyar ba ta cikin kayan. Da na fara fita, gidanta na fara zuwa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon bango. 'Yarta ta ja ni gefe ta ce in ba Yaya haƙuri kawai a wuce wurin. Na ce gaisuwa na zo yi, kuma zan dawo da salla in sake yi, har ranar da ɗayanmu ta bi Malam. Haƙuri kuwa wanda ya yi laifi ke bayarwa. Na ɗauki mayafina na fito neman mota.