Salansar Motar Yaya

Yayana ya ƙarar da damina guda yana neman wata ƙara a cikin motarsa. Duk mun taya shi nema, da ni da bakanike da 'yan zaman tasha, kowa ya duƙa yana leƙen ƙarƙashin mota, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi mai motar. Ita ce daminarsa ta ƙarshe, kuma har yau ba na son jin ana ƙwanƙwasa ƙarfe.

Lokacin ba a daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba. Ni ina koyarwa a firamare, shi yana haya tsakanin birni da Tudun Wada. Gidanmu yana Limancin Kona, a ƙuryar wani lungu da ko jaki mai mangala sai ya karkace yake wucewa, don haka a bakin lungu yake ajiye motar, gindin wata tsamiya. Innarmu ta daɗe da makancewa, ga ta mace ce da hankalinta ba ya kwanciya muddin ɗanta yana kan titi. Sai Yaya ya yi dabara. Ya kai motar wurin mai walda aka yanke tukunyar salansa, wadda ke haɗiye ƙarar injin, aka jona zallar bututu.

Mutanen unguwa suka ce har Ƙofar Jatau ana jin ta. Malamin da ke ba da karatu a zauren maƙwabta sai ya dakata ta wuce sannan ya ci gaba, kuma ba addu'ar alheri yake raka ta da ita ba. Inna kuwa ko a jikinta. Da ta ji rugugin sai ta ce wa matar Yaya, "Ya iso, zuba masa abinci." In aka ɗan jima bai yi sallama ba, ta hana kowa sakat sai an je bakin lungu an gano abin da ya tsayar da shi. Hon ɗin motar ma ya mutu Yaya bai gyara ba. Ina amfaninsa?

Da ruwa ya sauka Yaya ya fara cewa yana jin wani abu: ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere, kamar mutum yana buga ƙyaure da ɗan yatsa. Direba in ya ji irin wannan, injin yake tsoro, don in injin ya buga to abinci ya tsaya. Ya tambayi fasinja, suka ce su banda tsawa ba su jin komai. Ni ma da ya ɗauke ni abin da na ce ke nan, na ƙara da cewa wanda ya mayar da motarsa jirgin sama ba shi da bakin ƙorafi.

Bakanikensa wani Kirista ne mutumin Wusasa, garejinsa yana Tukur-Tukur, abokin tsokanarsa ne tun suna samari. Ya dafa tsinin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya bi ko'ina. Ya juye baƙin mai ya duba ko da garin ƙarfe, bai ga komai ba. Ya ɗaure duk wani noti da ya saki, ya sa roba inda bututun ke kusa da taɓa jikin mota. Washegari Yaya ya dawo ya ce tana nan.

"Malam," in ji bakaniken, "cikin wannan rugugi ko kalangu ake kaɗawa a injin ɗinka ba zan ji ba. Sai an mayar da tukunyar nan."

"Tsohuwa fa?"

"To ka zaɓa, tsohuwa ta ji ko ni in ji."

Yaya ya yi ta ja. A cikin makonnin nan idanunsa suka kaɗa suka yi ja, yana yawan dafe ƙeya, wata rana har ya yi haɓo a wurin alwala. Amma a gidanmu namiji ba ya cewa ba shi da lafiya. Mahaifinmu da "lafiya lau" a bakinsa ya cika. In ka tambayi Yaya sai ya ce gajiya ce, ya haɗiyi ƙwayar ciwon kai ta mai teburin bakin lungu, ya koma zancen mota. Mu kuma muka bi shi a haka, don ciwon mota ya fi daɗin magana.

Daga ƙarshe ya haƙura. Ya durƙusa gaban Inna ya ce za a rufe wa motar baki na ɗan lokaci, da an gano ƙarar za a sake yankewa. Ta ce, "Allah ya sa a gano." Ba ta so ba, kowa ya ji a muryarta.

Ranar da aka mayar da tukunyar, mu uku muka fita bayan ganuwa da yamma, an ɗauke ruwa. Motar tana tafiya lumui, har ana jin kukan kwaɗi.

"Kun ji?" in ji Yaya. "Ga ta nan."

Ya shiga buga sitiyari da yatsa yana kwatanta mana. Muka kasa kunne, ba komai. Bakaniken ya sa Yaya ya gangara gefe ya tsaya, ya miƙa hannu ya kashe motar da kansa. Yatsan Yaya bai daina ba. Ina kujerar baya, sai idona ya kai kan wata jijiya a gefen goshinsa, ta kumbura tana harbawa, ita da yatsan tare suke tafiya. Na dubi bakaniken, na ga shi ma wurin yake kallo.

"Malam, matata tana aiki a asibiti," in ji shi a hankali. "Gobe ka biyo Wusasa a auna jininka."

Yaya ya yi dariya. "Mota na kawo maka, ka koma kaina? Injin ne yake hucewa."

A hanya na roƙe shi, a gida na sake roƙonsa har muka yi faɗa. Ya ce ni ɗan boko ne, komai asibiti. Ya ce zai je, amma bari ya gama da motar tukuna, yanzu da ta yi shiru ya kusa kama ɓarawon. Ƙani ba ya ɗaure yayansa ya kai shi inda bai so, balle yayan da ya riƙe gida.

Ba a yi mako ba. Ranar an tsare mu a makaranta, sai bayan la'asar na dawo. Na tarar da motar gindin tsamiya, Yaya ya kifa kai a kan sitiyari yana wani irin minshari. Masu wucewa duk sun gan shi, sun ɗauka barci yake, direba ai ya saba. A cikin motar muka kai shi Wusasa, wani maƙwabci ya tuƙa. Likita ya ce hawan jini ne, jijiya ta fashe a kai, da an kawo shi da wuri wataƙila. Bai kai magariba ba.

Da na shiga gida, kwanon abincinsa yana nan a rufe kusa da tabarmar Inna. An riga an gaya mata. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma ga laifin kowa ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Tun yaushe ya iso bakin lungu?"

"Mai tebur ya ce tun azahar, Inna."

Can ta ce, "Ina nan zaune fa. Ina ta saurare."