Yadda Muka Binne Kwarinmu Don Kada Baƙo Ya Gani

Shekaru sun ja, furfura ta gama da kaina, sunayen ɗalibai da yawa da suka bi ta hannuna sun ɓace mini, har wani lokaci nakan yi ta neman tabarau alhali yana bisa hancina. Amma ranar da ɗan majalisarmu ya kawo mana ziyara, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan zayyana ta tiryan-tiryan. Ba ta mantuwa, kuma ban cika son ta mantu ba, domin da hannuna a cikin abin da ya faru.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Minjibir. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu da madara suka zama sai an yi layi, albashinmu na malamai kuwa ya koma kamar jinjirin wata ranar hadari, kowa na ɗaga kai, ba mai gani. Wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da daji. Gona na manne da gona, iyakar kowa jerin gamba ce ko lalle, kuma taku ɗaya na ƙasa ya isa ya kai 'yan uwa gaban alƙali.

To, a irin wannan wuri ne Allah ya jarrabe mu da kwari. Muna yara 'yar zaizaya ce wadda akuya ke tsallakewa ba tare da ta daina tuƙa ba. Kafin mu girma ta zama ramin da zai haɗiye raƙumi da kayansa. Ya datse hanyar mota guda ɗaya tilo da muke da ita, gyaɗa da gero sai a kan jaki, a zagaya ta nesa. Kowace damina kuma sai ya gutsiri gonakin da ke bakinsa. Wanda ya fi kowa jin jiki shi ne yayana, domin gonarsa ta gado a kan gaɓar take, da ita yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Kowace kaka yakan auna ta da ƙafa, ya ga abin da kwarin ya ci.

Ana cikin bazara, ana jiran ruwan shuka, sai saƙo ya iso wa Dagaci cewa Onorabul zai zo jin koken jama'a nan da kwana goma. Shekara uku da muka zaɓe shi ba mu ƙara ganin ko ƙurar motarsa ba, amma da yake zaɓe ya sake ƙaratowa, kunnensa ya buɗe. Aka taru a ƙofar Dagaci bayan la'asar. Ban taɓa ganin mutanenmu sun haɗu a kan magana ɗaya da sauri irin na ranar ba. Ba asibiti, ba famfo, ba taki. Kwalbati kawai, da duwatsun da za a daɓe gaɓar kwarin. Aka ɗora mini rubuta takardar maraba, tunda ni ne mai alƙalami.

Har an shafa fatiha, sai wani ya ce, "To, ta ina motarsa za ta shigo?"

Yaya ne ya fara magana. Ya ce, "Ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya ajiye motar a bakin kwarin, ya gangara da ƙafarsa, ya hauro. In ya iso nan yana haki, ba sai Malam ya karanta masa komai ba."

Dagaci ya dube shi kamar wanda ya yi saɓo. Ya ce, "Baƙo ya shigo garina a ƙasa, da ƙura a babbar riga? Ina raye? Gobe a kasuwa a ce mu ne garin da babban mutum ya yi rarrafe kafin ya gaishe mu? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, zamanin kakanninmu babu ramin."

Nan fa gardama ta kaure, aka juyo gare ni a matsayina na wanda ya yi karatu. Ga inda nake so mai karatu ya lura da amfanin ilimi. Na gyara murya, na ce baƙonka annabinka. Na ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma in an haɗa biyun ya fi. Na ce babban mutum in ka karrama shi kunya ce za ta kama shi ya yi maka abin da kake so. Na kawo misalai har daga tarihi. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Boko dai bai yi asara ba," ya tafi.

Washegari aka buga gangar gayya. Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Mutanen da shekara da shekaru suka kasa haɗuwa su jera dutse goma a bakin kwarin nan don kansu, sai ga su sun fito ƙwai da kwarkwata don baƙo. Jakuna da mangala, maza da diga da shebur, mata na kawo kunu, makaɗa na zuga samari. Aka jibga kututture da kara a ƙasan ramin daidai mashigin hanya, aka shiga zuba ƙasa. Ƙasar kuwa daga ina? Daga inda ya fi kusa mana. Gonar Yaya. Ya zo ya tsaya yana kallo ana kwasar bakin gonarsa kwando-kwando, ƙasar da ya shekara ashirin yana zuba wa taki.

Dagaci ya ce masa, "Haƙuri za ka yi, aro ne. In Onorabul ya kawo kwalbati ai kai za ka fi kowa morewa."

Yaya ya ce, "Allah ya sa ƙasar ta san hanyar dawowa."

Kwana tara aka yi. A rana ta tara hanyar ta kwanta sumul, an daɓe ta, an yayyafa ruwa, an jera fararen duwatsu dama da hagu. Da yake ramin na nan hangame ta gefe biyu, wani mai basira ya kawo shawara a kafa zana a tsaye a kare shi, kada idon baƙo ya faɗa kan abin da ba shi da kyan gani. Aka kafa, har da ganyen dogonyaro don ado. Muka aro bencina daga maƙwabta, aka shafa wa makaranta farar ƙasa, aka yanka rago a shekarar da yawancin gidaje sau ɗaya ake ɗora tukunya. Kowa ya ciro kayan sallarsa daga adaka. Duk wanda ya gan mu ranar zai rantse mu ne ya kamata mu taimaka wa gwamnati.

Da hantsi sai ga mota Fijo fara fat ta taho, ta bi ta kan kabarin kwarinmu ko girgiza ba ta yi ba. Onorabul ya fito, mutum mai fara'a, jiki ya murje, hula ta karkace. Kafin ma ya zauna ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, kafin komai, ina taya ku murna. Na zagaya mazaɓata kaf, ban ga hanya mai kyan taku ba. Direbana har cewa ya yi ko mun shigo birni ne."

Aka yi tafi. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Aka kira ni na karanta takarda. Shafi uku da rabi ce. Shafi ukun kirari ne: na kira shi inuwar giginya, sannan na tuna ma'anarta na yi sauri na wuce, na kira shi ruwan bazara, na kira shi garkuwar talakawa. Rabin shafin ƙarshe ne na kwari. Kafin in kai can an kawo gasasshen nama, hankalin manyan baƙi ya rabu biyu. Da na karanta cewa wani mummunan kwari ya datse mana hanya, ya hana mota shigowa, sai ya dakata da tsoka a hannu.

Ya ce, "Malam, wane kwari?"

Yaya ne ya amsa daga bayan taro: "Wanda ka taka yanzu, ranka ya daɗe."

Aka yi masa bayani, Dagaci na yi, ina cikawa, cewa mu muka cike shi da hannunmu don girmansa. Muna jiran kunyar nan da na yi alkawari ta kama shi. Sai fuskarsa ta washe, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Allahu Akbar! Kun ga abin da nake ta faɗa a majalisa ke nan. Taimakon kai da kai! A wannan hali da gwamnati ke ciki, ga talakawa sun magance matsalarsu a kwana tara, ba injiniya, ba ɗan kwangila. Wallahi sai na ba da misali da ku."

Yaya ya kutso gaba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kara ne da kututture a ciki. Ruwan farko zai tafi da shi. Taso mu je in ɗaga maka zana ɗaya ka leƙa, taku hamsin ne daga nan."

Dagaci ya daka masa tsawa: "Kai! Baƙo na cin abinci za ka tashe shi kallon rami? Ina tarbiyya?"

Onorabul ya yi dariya, ya ce a bar shi, ai dimokuraɗiyya ke nan. Sannan ya shiga bayyana mana abin da ke damunmu, tunda mu ba mu sani ba. Ya ce ya yi nazari mai zurfi, ya gano babbar cutar karkara ita ce rashin wayewar kai. Saboda haka abin da ya sa a gaba a majalisa shi ne kowane gari ya sami gidan kallon talabijin, da akwati da janareto, don talaka ya riƙa ganin yadda wakilinsa ke yi masa faɗa a zauren majalisa. Ya ce da mun roƙi kwalbati da sai an kafa kwamiti, amma tunda mun hutar da shi, mu ne farko a jerin masu talabijin. Maroƙi ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Aka cika masa but ɗin mota da kaji da buhun gyaɗa, ya bi ta kan hanyarmu mai kyau ya tafi.

Kwana goma sha biyu hanyar ta yi a duniya. Ranar wata Laraba da azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka je muka tarar ba hanya, ba zana, ba fararen duwatsu. Ruwan da ya zo ya sami mashiginsa a toshe sai ya nemi wata hanya, ya bi ta inda muka sassaƙe gaɓa muka bar ta a buɗe. Ya shiga gonar Yaya ya raba ta biyu. Muna tsaye wani ɓangare ya ƙara zaftarewa a gabanmu. Yaya bai yi salati da ƙarfi ba, bai zagi kowa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Malam, akwai karin maganar wannan?"

Babu. Na duba duk abin da na karanta, babu.

A yi wa Onorabul adalci, ya cika alkawari. Bayan wata guda motar talabijin ta iso, ta tsaya a bakin kwari, direba ya leƙa ya ce ko da bindiga ba zai gwada ba. Ƙarti huɗu suka ɗauki akwatin a ka, shida suka ɗauki janareto, suka gangara suna "a hankali, a hankali," kamar masu ɗauke da mara lafiya. Ranar da aka kunna, gari ya taru kafin magariba. Cikin ikon Allah kuwa aka nuno zaman majalisa, ga mutuminmu tsaye yana jawabi. Ya ambaci sunan ƙauyenmu, wuri ya ɓarke da sowa. Ya ce ga garin da ya gina hanyarsa da kansa, ya gani da idonsa, ya taka da motarsa, don haka yana ba da shawara a cire mu daga jerin masu jiran kwalbati a ba mabuƙata. Aka amince ba hamayya. Wasu daga cikinmu ba su daina tafi ba sai da aka fassara musu.

Janareton ya yi mako uku mai ya ƙare, kuma man ma a shekarun nan sai wane da wane. Akwatin ya koma zauren Dagaci, aka lulluɓe shi da darduma, kaji na kwana a kai. Yaya ya noma abin da ya rage a daminar, bai kai su ko tsakiyar rani ba. Da kaka ta wuce ya ɗaure kayansa ya tafi birni cin rani, yana tura kurar ruwa a wajen Rijiyar Zaki, mutumin da bai taɓa kwana bakwai a wajen garinsu ba. Cin ranin da bai dawo daga gare shi ba ke nan sai a matsayin baƙo, ranar salla.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan Onorabul, kuma yana da nasa kaso, domin wakilin da zai tambayi jama'a me ke damunsu da amsarsa a aljihu ba jin koke ya zo ba. Amma da girma ya zo mini na gane shi abin da muka nuna masa ya gani. Mu muka yi kwana tara muna gumi don mu ƙaryata kanmu. Tun daga ranar na koyi cewa kara da karamci suna da wurinsu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai mulki ya ce zai zo ya ga halin da kuke ciki, ku ba shi ruwa, ku ba shi tabarma, amma halin nan ku bar masa shi yadda yake, ya taka da ƙafarsa.