Rigar da Yaya Bawa ya hana fatake

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bawa, maɗinkin manyan riguna a Ƙofar Kware. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, don haka abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Wata uku yakan yi a kan wuyan riga guda, yana ɗinkin aska takwas da zaren tsamiya. Da ya gama, dillali ya miƙa wa fatake, su yi Gwanja da ita. Dillalin ya gina soro, ya je Makka. Mu kuwa ko zauren da Yaya ke zama, damina ta sha cinye shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa zura ko ɗaya a wuyansa ba, domin fatake sun ce rigar da ta ji gumin mutum ta faɗi daraja.

Sai ido ya fara mutuwa, alhali akwai riga a hannunsa, ɗinkinta ya kai rabi. Na ce, "Yaya, ka bari haka nan." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Da ɗan yatsa ya riƙa laluben saƙar, yana soka allura inda yatsan ya nuna mashi. Wallahi na duba aikin da rana tsaka, ban gane inda ido ya tsaya hannu ya karɓa ba. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Da ya gama ta, dillali ya taho karɓa. Gero ya yi ƙasa a rumbu, kowa a gidan ya sani. Yaya ya ce, "Alhaji, wagga ba ta zuwa Gwanja."

Ran Juma'a ya sa ta, na riƙe hannunsa muka tafi masallaci. Mutane na buɗe mana hanya kamar wani basarake. Ya raɗa mani, "Ƙane, mi su ka cewa?" Na ce, "Tambaya suke wa ya ɗinka."

Yanzu an samu mulkin kai, rediyo na cewa za a ƙara fitar da kayanmu waje, ƙasa ta yi arziki. Da Yaya yana raye, na san zai tambaya ko arzikin zai biyo ta zauren maɗinka, ko ta ƙofar dillali kamar kullum.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, sai 'yan komatsai. Magada sun so a sayar da rigar, na ce a cire ta a rabona. Tana cikin adakata. Ni kuwa ban taɓa sa ta ba, don kafaɗata ba ta kai ba.