Garken da ke Jikin Kawu

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a Daura ba, yayata ta haifi ɗanta na fari. Yaro ya zo lafiya, amma ita jini ya ɓalle mata. Kafin azahar likita ya ce sai an ƙara mata jini, ga shi nata irin wanda ba a cika samu ba ne, asibitin ma babu. Aka gwada mijinta, aka gwada ni, aka gwada duk wanda ya zo barka. Mutum ɗaya ya dace: kawunmu, ƙanen mahaifiyata.

Kawu fataucin dabbobi yake yi a kasuwar Mai'adua. Ƙato ne, shi kaɗai yana iya kayar da bijimi. Amma ana cewa nasa ne ya yi daidai, sai muka neme shi muka rasa. Can na hango shi a gindin darbejiya, ya cire hula yana fifita da ita.

Na durƙusa na ce, "Kawu, kai fa ake jira."

Ya ce, "Malama, ba ƙin yarinyar nan nake ba, Allah ya sani. Amma jini awo ne. Abin da aka haife ka da shi, shi ke nan. In suka ɗibi leda guda, a ina zan mayar? Ina da iyali fa."

Na ce ai duk shekara yana zuwa wanzami ya yi masa ƙaho. Ya harare ni ya ce wancan mataccen jini ne, wannan kuwa mai rai suke nema.

To ni a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sani. Na gyara mayafi na shiga zuba masa darasi kamar ina gaban allo, har da Turanci. Ya ƙura mini ido irin kallon da yake wa mai saye in ya yi tayin raini. Ni kuwa sai na tuna yadda leɓen yayata ya yi fari fat.

Sai na haƙura da Turancin. Na ce, "Kawu, jinin nan da kake gani ba ruwa ba ne kawai. Cike yake da wasu 'yan ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu. Su ke ɗaukar iskar da ka shaƙa su raba wa jiki. Kowace ɗaya wajen wata huɗu take yi ta mutu."

Ya daina fifita. "Ta mutu? To wa ke kawo wasu?"

"Ɓargo. Cikin ƙashinka ake haifar sababbi, kullum. Yanzu haka da muke magana ana haihuwarsu."

Ya shiga shafa ƙaurinsa, kamar zai ji motsinsu. Can ya ce, "Wato garke ne."

Na ce garke ne.

"Tsofaffi na faɗuwa, ƙanana na tasowa. Kenan waɗanda nake wa rowar nan, ko na ba da ko ban ba da ba, nan da kaka babu su?"

"Ko ɗaya, Kawu."

Ya miƙe zumbur ya kifa hularsa. "Kai! Ni tun da nake ban taɓa riƙe dabba ta mutu a hannuna ba, alhali ga mai so. Ina likitan?"

Kada ku ɗauka jarumta ya yi a ciki. Da ya ga allura sai da ya rufe ido ya kama salati da ƙarfi, har nas ta kasa riƙe dariya. Ledar na cika ya buɗe ido ɗaya ya ce mata, "'Yar nan, ki tafi da su a hankali, masu ƙiba ne."

Bayan la'asar yayata ta buɗe ido ta ce a miƙo mata ɗanta. Mahaifiyata ta fashe da kuka tana dariya, ni ma haka. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba.

Daga nan muka shiga uku da Kawu. Kullum sai an yi masa farfesun ƙashi, wai yana ciyar da masu jego. Na yi na yi in gaya masa wake da zogale ma suna yi, ya ce in bar shi da abin da ya sani. Ranar suna kuwa babu wanda bai ji labarin garkensa ba, har mai raba goro.

Da kaka ta yi ya zo gidan yayata da rago a bayan babur. Ya zauna ya ɗauki yaron, ya dube ta ya ce, "Na yi lissafi, nawa sun ƙare a jikinki. Yanzu da naki kike yawo. Sun yi aikinsu, ko?"

Ta gyaɗa masa kai.

Har yau in na zo darasin ƙwayoyin halitta, ba na farawa da zane a allo. Nakan ce wa ɗalibaina su taɓa ƙaurinsu, in ba su labarin Kawu. Ni na karanta abin a littafi na ci jarrabawa, amma sai a gindin darbejiyar nan na ji mamakinsa ya kama ni. Yaron yanzu ya shiga firamare. Kawu kuwa yakan leƙa asibiti da ƙafarsa ya ce garke ya cika, a zo a rage. Kuma har yanzu sai ya rufe ido.