Kwandon Tsince-Tsince na Malama Tahira

Malam Sabiru ya yi ƙarya, kuma ya san ƙarya yake yi. Yana hedimastan firamaren ƙauyenmu, gabas da Minjibir, ya bi gida-gida yana cewa Malama Tahira tana tsintar kayan mutane don ta yi musu sammu. Ba komai ya sa shi ba sai son a kore ta, a ba ƙanwar matarsa ajinta.

Ga abin da take yi. Kullum da safe takan biyo hanyar gonaki da kwando a hannu. Duk abin da ta gani a yashe sai ta ɗauka: warin silifa, sakaina, makulli mai tsatsa, karyayyar ƙotar fartanya. A aji sai ta ɗora ɗaya a kan tebur ta ce, "Na wane ne? Yaya aka yi ya rabu da shi? Ku rubuta." Sharaɗinta ɗaya, kada a sa sunan kowa na garin. Yaran da a da layi biyu na insha'i ke gagararsu suka koma cika shafi.

Da maganar sammu ta bazu, iyaye suka fara janye 'ya'yansu, mata suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta ajiye kwandon ba.

Ranar da jami'in ilimi ya tara iyaye, ina wurin. Aka zazzage kwandon a tabarma. Baba Muhammadu Sani ya ɗaga ƙotar.

"Wannan tawa ce, ni na yar da ita bara. To Malama, me kika yi mini da ita?"

"Ba ni ba ce, Baba. Jikarka Khairiyya ce."

Aka karanta rubutun yarinyar: labarin wani tsoho da ya ci da gidansa da fartanya ɗaya har ƙotarta ta gaji ta karye, shi bai gaji ba. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Ta ƙara gishiri, ni ina gajiya," in ji shi. "Amma in wannan ne sammun, a yi wa sauran jikokina."

Malama, ke ce kika koya wa 'ya'yanmu tsayawa su dubi abin da mu muke takawa mu wuce. A watan nan kike ritaya. Mun gode, Allah Ya saka miki. Ku malaman da kuka rage, hanyar gonaki tana nan, ku ɗauki kwando.

Shi kuwa Sabiru, an sauke shi daga hedimasta, an mai da shi wata makaranta can bayan Bici.