Garkar da na shuka a bakin ramin zinariya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokai. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, har wasu suna tambayar ƙanena ko na canza lamba. Ban canza ba, kwance nake. Yau ne hannuna ya yarda ya riƙe waya ba tare da rawa ba, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Waɗanda suka san ni sun san ɗan mai garka ne ni, wato lambu, a kwarin Dungu na ƙasar Matameye na tashi. Da na tafi arewa haƙar zinariya, zafin rana da wuyar rami duk na jure su. Kewar ɗanyen ganye ce ta kusa kayar da ni. Kullum shinkafa da taliya, ko'ina ka duba dutse da yashi. Sai in zauna ina tuna kwaɗon zogalen Inna da ƙuli-ƙuli har yawuna ya tsinke.

A can ruwa mai kyau sayensa ake a jarka. Amma bayan wurin wanke ƙasar zinariya akwai ruwan da ake zubarwa, yana kwance ba mai kula shi. Kun san halinmu mutanen Matameye, ba ma iya ganin ruwa yana tafiya a banza. Na sa aka aiko mini da iri, na ja wa ruwan 'yar hanya, na shuka zogale da yakuwa da salati.

Wallahi ya yi kyau. Yaran garinmu kan zo da yamma su zauna a gefensa don kawai su ga kore. Abokina Sani, wanda muke rami ɗaya, yakan ce, "Kai Hamisu, ka kawo mana Dungu cikin hamada." Ni ne mai garka, don haka ni na fi kowa ci, safe da yamma.

Da kasala abin ya fara, na ce aiki ne. Sai ciwon ciki, sai abinci ya fita raina, hannuna ya soma rawa. Ranar da takalmina ya ƙi shiga saboda kumburin ƙafa, Sani ya sa ni a mota zuwa gida.

Inna ta gan ni a bakin ƙofa, ta riƙe bango. Ta ce, "Sannu, ɗana."

A likitar Matameye, wato asibitinmu, aka yi mini ƙarin ruwa, aka duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Suka tura ni Damagaram. Can aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka haska ƙodata. Kullum da safe sai awon jini da allura, sai jiran sakamako. Jiran nan ya fi allurar ciwo. Tumakin Inna kuwa ɗaya bayan ɗaya suka bi kasuwa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. A ɗakin da ke kusa da namu ake wankin ƙoda, ina ganin masu shiga da fita, ina cewa ko gobe ni ne.

Likitan ya tambaye ni aikina, sannan ya tambayi abin da nake ci. Da alfahari na ba shi labarin garkata. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam Hamisu, ƙasar ma'adinai tana da ƙarafa iri-iri, wasu ko sunansu ba kowa ya sani ba. Ganye yana shansu tare da ruwa, wanki ba ya fitar da su. A hankali suke taruwa a jiki. Ba zan rantse su kaɗai ne ba, amma ƙodarka ta wahala."

Allah ya taimake ni ban kai ga wankin ba. Magani, hutu, da dokar abinci mai tsanani. Kumburin ya saɓe a hankali. Yanzu ina takawa har masallaci da ƙafata.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da ta kwana a tabarma a gefen gadona, da ma'aikatan likita, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata ga masu zuwa arewa: kada ku ci abin da aka shuka kusa da rami ko aka shayar da ruwan wankin ƙasa, komai kyawunsa. Ku tafi da busasshen ganye daga gida. In kun ga kumburi ko rawar hannu, ku je a auna jininku, kuma ku gaya wa likita aikinku da abincinku.

Tun ina gadon likita na kira Sani na ce su daina ci, kowa ya je a duba shi, kuma su tuge garkar.

Ya ce, "Har zogalen? Ya fi ni tsawo fa yanzu. Nan muke zama in kewar gida ta taso."

Na ce har shi.

Tun da nake ban taɓa tuge shuka mai rai ba, babana ya hana mu. Jiya Sani ya turo mini hoton wurin, fili fetal, yashi kawai. Na daɗe ina kallo. Sai Inna ta shigo da kwanon kwaɗon zogalen Dungu, ɗan kaɗan yadda likita ya yarda, ta ce, "Ajiye wayar nan ka ci."