Ƙuri'ar Baban Faridatu

Shekara ashirin da biyu Seidu ya yi yana ɗaukar kwalaye a shagunan 'yan sari na Cheetham Hill, a Manchester, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, ko da kwali ya faɗo masa a ƙafa. Ɗan zangon Kumasi ne, mai sanyi kamar ruwan randa. Da bayansa ya fara ciwo, sai 'yarsa Faridatu ta kwaso shi da matarsa Shetu zuwa Birmingham, ta samo musu gida a hawa na tara na wani dogon bene a Ladywood.

Benen ba laifi, lif ɗinsa ne ɗan gata: ya yi aikin kwana biyu, ya huta mako uku. Shetu kuwa gwiwoyinta sun gaji, sai ta yi wata guda ba ta taka ƙasa ba. Kamfanin da ke kula da ginin ba ya sauraron kowa sai shugabar ƙungiyar mazauna, wata dattijuwa Clara, ita kuma a hawa na ɗaya take, furannin ƙofar gida ne damuwarta.

Maƙwabcinsu Jabez ne ya zuga Seidu ya nemi kujerar. Tsohon direban bas ne, haifaffen wani tsibirin Karibiyan, kuma ba ya gajiya da labarin wani mutumin ƙasarsu da ya fara da bin gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya zama magajin gari, ya zama firaminista, aka kayar da shi, ya sake dawowa.

"Siyasa a ƙafa take, Seidu," in ji Jabez da Turancinsa mai kama da waƙa. "Ƙofa ɗari a mako. Ka ce a zaɓe ka, ka wuce gaba."

Saboda gwiwoyin Shetu ya yarda. Amma ina Seidu ina ƙwanƙwasa ƙofa ya wuce? A gidan farko ya gai da maigida, ya tambayi iyali, da aiki, da sanyi, da wanda ke kwance asibiti. Aka kawo shayi ya sha, don ƙin abin hannun mutum raini ne. Cikin mako uku gida goma sha ɗaya ya shiga. Ya gyara famfo biyu, ya raka wata tsohuwa wurin likita, bai ce wa kowa ya zaɓe shi ba. Yabon kai jahilci, in ji shi. Jabez ya riƙe kai. Duk da haka labarinsa ya zaga hawa-hawa, har mata suka fara yi wa Shetu kirari da matar firaminista.

Ranar zaɓe, Asabar da hantsi, lif na hutunsa. Shetu ta yafa mayafi, ta sauko a ƙafa tana hutawa a kowane hawa, ta jefa ƙuri'arta a kwalin takalmin da aka huda. Seidu ya karɓi tasa takardar, ya ga sunansa kusa da na Clara, ya ɗago kai ya hango Clara ɗin tana yi masa murmushi. Kunya ta rufe shi. Mutum da furfurarsa ya zaɓi kansa? Ya sa wa Clara alama, ya naɗe, ya jefa.

Aka ƙirga. Clara ashirin da huɗu, Seidu ashirin da uku.

Bai iya ƙarya ba, don haka a gindin matakala ya faɗa musu abin da ya yi. Jabez ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Baban Faridatu," in ji Shetu, "ni na sauko nine floors da waɗannan gwiwoyin don in zaɓe ka, kai kuma kunya ka ji?"

"Ai Clara kallona take yi," in ji Seidu.

"Secret ballot ne fa, bawan Allah! Ba mai ganin wanda ka zaɓa!"

 Ta kama ƙarfen matakala, ya riƙe ɗaya hannun, suka fara hawa. A hawa na biyar ta zauna tana murza gwiwa, numfashinta na fita da ƙyar, ta kau da fuska don kada ya ga idonta. Nan ne Seidu ya ji wata kunyar da ta fi ta ɗazu nauyi, ga kuma sauran hawa huɗu a gabansu.